Jirgi Ya Tafi da Zoben Lamont

Kafin ku fara yi mini ruwan faɗa a ƙasan wannan rubutu, bari in riga ku faɗa da bakina: ni na jawo wa kaina. Babu wanda ya tura ni. Da hankalina, da shekaruna ashirin da tara, na ja jan akwatina mai taya na shiga jirgin ruwan shaƙatawa ni kaɗai, wai zan je in yi tunani. To na yi tunanin, har ya yi mini yawa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Renesha Tillery, a gida Nesha ake ce mini. A Lakeland ta jihar Florida a Amurka nake zaune, ina aiki a asibitin haƙori, ni ce mai kankare wa mutane haƙora ina yi musu faɗa a kan shan zaƙi. Wanda ya hana ni sukuni kuma Lamont Pettway ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutumin da duk cocinmu aka yi ittifaƙi babu na biyunsa wajen haƙuri. Shekara biyu yana nemana. Sati uku da suka wuce, ana tsakiyar cin abincin Lahadi a gidan Mama, ya ture kujera ya durƙusa a gaban kowa ya buɗe ɗan akwatin zobe. Ni kuma bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Ka ba ni lokaci."

Har yau Mama ba ta yafe mini ba.

"Lokacin me, Renesha? Ni ina shekarunki yayanki ya riga ya shiga makaranta. Yaro ba ya sha, ba ya yawo, yana da sana'a a hannu. Me kike jira, mala'ika?"

"Mama, aure fa ba sayen takalmi ba ne."

"Yo ai shi ya sa. Takalmi in kin bar shi a kanti kina iya dawowa ki same shi."

Ba wai ba na son sa ba ne. Tsoro nake ji, shi ke nan, ban kuma san na mene ne ba. Ko kakarsa da ta raine shi a Valdosta ban yarda na je na gaishe ta ba, kullum da uzurin da nake kawowa, don ya taɓa ce mini, "Mace ɗaya zan kai gaban tsohuwar nan, wadda zan aura."

Ranar Juma'a ina haɗa kaya sai ga Denitra. 'Yar ƙanwar Mama ce, tare aka raine mu, gado ɗaya muka kwana har muka gama sakandare. Ta baje a kan gadona tana ɗaga rigunana ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga rawayar nan mai ɗaurin wuya wadda Lamont ya taɓa cewa ta fi kowace yi mini kyau.

"Ba za ki tafi da wannan ba?"

"Ta matse ni a hannu."

"To ara mini in sa coci." Ta kara ta a jikinta a gaban madubi tana juyi. "Ke dai kin ji daɗinki, 'yar uwa. Namiji ya durƙusa miki a gaban jama'a, ke kuma ki ce sai kin je kin sha iskar teku. Ni da ni ce…"

"Da ke ce me?"

"Ba komai," ta ce, ta cusa rigar a jakarta.

Lamont ne ya kai ni tashar Tampa ranar Asabar a farar a-kori-kurarsa. Na ba shi makullin gidana don ya riƙa zuba wa kyanwata Biskit abinci. Da ya sauke mini akwati sai ya kama hannuna ya danƙa mini ɗan akwatin zoben.

"Ki tafi da shi. Ranar Alhamis zan tsaya a nan inda ake jiran masu saukowa. In na gan shi a yatsanki, shi ke nan. In ban gani ba, zan ɗauki kayanki in kai ki gida lafiya, ba kuma zan sake tambaya ba."

"Kai ma da wasa."

"Kin taɓa ganin ina irin wannan wasan?"

Ina shiga ɗakina a jirgin na buɗe ɗan akwatin ƙarfen nan mai lamba da ke cikin kabad, na jefa fasfona da zoben na kulle. Na rufe layin wayata, ban kuma karɓi intanet ɗin jirgi ba. Na bar ta don ɗaukar hoto da duba lokaci kawai. Kwana biyar ba Mama, ba Lamont, ba kowa. Har tsalle na yi a kan gadon.

Murnar ba ta kai yamma ba. Jama'a, babu wanda ya gaya mini cewa jirgin nan kamar an gina shi ne don a nuna wa marar kowa cewa ba shi da kowa. Duk inda na juya mutum biyu-biyu ne, ko kuma dangi guda sanye da riga iri ɗaya an rubuta sunan kakarsu a baya. Mai hoto ya tare ni a matakala ya ce, "Mu jira mai gidan ko?" Na ce babu. Ya ce, "Oh," irin wanda ake cewa a gidan makoki. Daren da kowa a jirgin ke cin kwalliya na sa koriyar rigata mai walƙiya, na rasa wanda zai ja mini zif ɗin baya, sai da na lanƙwasa marataya na ja da kaina ina haɗa gumi.

Teburin cin abincin yamma ma an haɗa ni da wasu sababbin aure, amarya ba ta iya ɗaga cokali sai ango ya ba ta a baki. Sai na riƙa jin haushinsu, alhali ban san su ba, ba su yi mini komai ba. Wadda ta cece ni ita ce Mis Odessa, tsohuwa 'yar shekara saba'in da huɗu daga Macon, mai farin gashi da jan jambaki. Tun da mijinta ya rasu take shiga jirgi ita kaɗai, wannan ne karo na talatin da ɗaya.

"Ke kuma wa kika gudo wa?" ta tambaye ni tun ranar farko, tana shafa man shanu a burodi.

"Hutu na zo, Mis Odessa."

"'Yata, mai hutu ba ta kallon yatsan kowace mace da ta wuce."

Na ba ta labari kaf. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin bar shi da makullin gida, kin bar 'yar uwarki da riga. To Allah ya kyauta." Ta ci gaba da cin kifinta kamar ba ta ce komai ba, ni kuwa daga nan abincin ya fita kaina.

Ranar Talata da safe muka isa tsibirin Cozumel na ƙasar Meziko. Na sa farin wando da shuɗiyar riga marar hannu, na ɗaure kitsona sama, na rataya katin jirgi a wuya. A wajen karin kumallo Mis Odessa ta ce ita ba za ta sauka ba, ta ga garin har ya ishe ta. Ta miƙo mini wani agogon roba ruwan hoda, irin na yara.

"Ɗaura wannan. Garin nan yana bayanmu da awa ɗaya, jirgi kuma da nasa agogon yake aiki, ba ruwansa da na gari. Huɗu da rabi ake rufe ƙofa, biyar a tashi. Ba sa jiran kowa, ko uwar kyaftin ce."

"Ina da waya ai, tana kan lokacin jirgi tun Tampa."

"Na ji. Karɓi dai."

Na kalli agogon, na kalli farin wandona, na ce mata na gode amma ba zai shiga da kayana ba. Ku rubuta wannan a cikin jerin wautata.

Na yi yawo cikin gari, na sayi hular kaba, na saya wa Mama mayafin tebur, na ci abinci. Wajen ƙarfe uku saura na agogon jirgi na shiga wani ɗan shagon shan lemo mai fanka a sama na zauna. Maganar Mis Odessa tun ranar Asabar take cina. Na ce bari in buɗe layin minti biyar kawai, in ga ko Biskit tana lafiya. Wallahi abin da na gaya wa kaina ke nan.

Wayar ta ɗau rawa a hannuna kamar za ta faɗi. Saƙo sittin da wani abu a zauren danginmu.

Hoton farko na abincin Lahadi ne a gidan Mama. Ga soyayyar kaza, ga makaroni da cuku, ga burodin masara. Ga Lamont a kujerarsa. Kujerar da ke kusa da shi kuwa, tawa, wadda nake zama a kai tun ina 'yar shekara shida, Denitra ce a kanta cikin rawayar rigata. Ba ta matse ta a hannu ba ko kaɗan. Ta miƙa masa kwanon haɗin ayaba da madara da biskit, shi kuma yana dariya har haƙoransa na ciki sun fito, haƙoran da ni na wanke su da hannuna.

A ƙasa Anti Verlene, uwar Denitra, ta rubuta: "Lamont ya yi ƙari sau uku! Hannun 'yata akwai albarka."

Mama ta amsa: "Yaron kirki. Duk wadda ta same shi ta dace."

Duk wadda ta same shi. Mamata ce fa ta rubuta wannan, wadda ta haife ni.

Na duba ɓangaren Lamont. Saƙo biyu ne kacal cikin kwana huɗu. "Biskit ta ci abinci." Sai na jiya: "Biskit lafiya." Ko "ina kewarki" babu. Na san ni na ce a ba ni lokaci, amma ai ba haka ake bayarwa ba, a ba mutum duka a juya baya.

Daga nan shaiɗan ya tuna mini da kyamarar ƙofar gidana, wadda take ɗaukar duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa ta turo mini a waya. Na buɗe. Asabar, Lamont shi kaɗai, ya shiga ya fito cikin minti shida. Lahadi da yamma, Lamont da Denitra. Tana riƙe da kwano a rufe, ta ce masa wani abu da ban ji ba, ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya buɗe mata ƙofata ta riga shi shiga. Sun shiga biyar da minti goma sha biyu. Sun fito shida saura minti biyu.

Minti arba'in da shida. Kyanwa guda ɗaya, gwangwani guda ɗaya.

Litinin ma tare suka zo. Wannan karon ita ce ta ciro makullin daga jakarta.

Ban san sau nawa na maimaita hoton nan ba. Na tsayar, na ƙara girma, na duba hannunsa ko ya taɓa bayanta, na duba bakinta ko jambakin da ta shiga da shi yana nan da ta fito. Kishi ne, ba zan yi muku ƙarya ba, irin mai sa mutum ya ji ɗaci a harshe. A kan kujerar nan ta roba na gane ina son Lamont, ina son sa har ina jin zan iya shaƙe 'yar uwata a kansa. Kwana huɗu ina kallon teku ban gano ba, sai da na ga wata ta riƙe makullina.

Na rubuta masa: "Na ga kun sami wajen hira." Na goge. Na rubuta: "Ka gaishe da mai rawayar riga." Na goge. Na rubuta wa Denitra wani dogo wanda ya faro tun daga 'yar tsanata da ta karya muna aji biyu, shi ma na goge. Na kira Lamont, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira har sau huɗu. Na duba lokaci a saman wayar, uku da minti goma. Na ce da sauran lokaci, na sa aka ƙaro mini lemo, na koma kan kyamarar.

Na lura shagon ya yi shiru, masu kati a wuya duk sun watse. Na ma ji ƙahon jirgi daga nesa, na ce na wasu ne. Sai da wayar ta nuna huɗu saura minti goma na miƙe na tari tasi, na gaya wa direban sunan jirginmu. Ya kalle ni ta madubi.

"Wannan ai biyar yake tashi."

"Na sani. Yanzu huɗu saura."

"Huɗu saura a nan garin, 'yan mata. A jirginku biyar saura."

Ashe tun lokacin da na buɗe layin, wayar ta kama lokacin garin ta mayar da kanta baya da awa ɗaya, ni kuma ina can ina ƙirga mintocin wasu.

"Don Allah ka taka! Don girman Allah!"

Ya taka iyakar yinsa, amma sai da muka tsaya a bayan wata motar 'yan yawon buɗe ido da ke sauke mutane ɗaya-ɗaya. Ina sauka na cire takalma na riƙe a hannu na zura da gudu, ta cikin shagunan turare da na giya, na fito kan doguwar gadar simintin da jirgi ke jingina. Hular kabar ta tashi ta faɗa ruwa. Mutane sun cika barandar jirgin bene-bene, suna ihu suna tafi, "Gudu! Gudu, 'yar uwa!" Wasu sun ɗaga waya suna ɗaukata. Na san zuwa yanzu wataƙila kun gan ni a wani wajen, mai farin wando tana gudu tana kuka. Ni ce.

Ban kai rabi ba na ga ruwa tsakanin jirgin da gadar. An janye matakala, an kwance igiyoyi. Tazarar ba ta fi faɗin falon Mama ba, amma tana ƙaruwa. Can a bene na takwas na hango farin gashi da jan baki. Mis Odessa ba ta yi ihu ba, ba ta yi tafi ba. Ta ɗaga hannu kawai, agogon roban yana lilo a yatsunta.

Na zauna daɓas a kan simintin mai zafi.

"Renesha Tillery?"

Wani mutum ne mai furfura a gemu, da farar riga da kati a ƙirji. Ya ce sunansa Efraín, shi ne wakilin jirgin a tashar. Daga yadda yake magana na san ba ni ce ta farko ba. Ya miƙo mini ambulan.

"Sun yi ta kiran sunanki a lasifika. Da ba ki amsa ba sai jami'ai biyu suka buɗe akwatin ƙarfen ɗakinki suka ciro fasfonki. Da shi za ki hau jirgin sama ki koma gida."

Na yage ambulan ɗin. Fasfo ne kawai. Na zazzage shi, na leƙa ciki.

"Akwai wani ɗan akwati baƙi tare da shi. Ƙarami, mai laushi."

"Fasfo kaɗai suke cirowa. Sauran kaya za a haɗa a rufe, ki karɓa a Tampa." Ya duba takardar hannunsa. "Sun kuma kira lambar da kika bayar ta wanda za a nema in wani abu ya faru. Lamont Pettway. Mijinki ne?"

Na ma manta. Wata huɗu da suka wuce, ranar da na cike takardar tafiyar, tun kafin zobe, tun kafin komai, da aka zo wajen nan ban rubuta sunan Mama ba. Nasa na rubuta, ban ko tsaya tunani ba.

"Ya ɗauka?" na tambaya.

"Mace ce ta ɗauka."

Kafin in buɗe baki wayata ta fara ƙara. Sunansa ne, da hotonsa yana riƙe da Biskit. Na danna.

"Lamont…"

"Nesha! Wayyo 'yar uwa, wai jirgi ya tafi ya bar ki?" Muryar Denitra ce, tas, har da ɗan sautin dariyar da take ƙoƙarin haɗiyewa. A bayanta ina jin ƙugin mota a kan babbar hanya. "Ke da kika fi kowa tsari? Me ya same ki?"

"Me wayarsa take yi a hannunki?"

"Tuƙi yake yi. Kin san shi, ba ya taɓa waya in yana tuƙi."

"Ba shi."

"Ba dama, hanya ta cika da manyan motoci. Ki faɗa mini in gaya masa."

"Ina za ku ranar Talata da rana tsaka? Ba ya aiki ne?"

"Valdosta. Wajen kakarsa. Doguwar magana ce, sai kin dawo."

Na buɗe baki in ce masa ina son sa, in ce na yarda, in ce ya juya motar nan yanzu, amma duk abin da zan faɗa sai ya bi ta kunnen Denitra. Sai na ji muryarsa daga nesa, a hankali kamar kullum.

"Tana lafiya? Ba ta ji ciwo ba?"

"Lafiyarta ƙalau," Denitra ta ce masa.

Sai Lamont ya ce, "Tambaye ta, zoben yana hannunta?"

Na kalli yatsana. Na ɗaga kai na kalli jirgin, ya riga ya juya mini baya, farin kumfa na bin sa.

"Denitra, ki saurare ni da kyau, ki faɗa masa daidai yadda na faɗa. Zoben yana cikin jirgi, na kulle shi ne don kada ya ɓata, amma ni na riga na…"

Na ji ta janye wayar daga bakinta.

"Ta ce a'a, ba ya hannunta."

Layin ya katse.